Tsakanin Tudu da Ruwa: Tarihin Amalanken Jirgin Ceto

Gab da ƙarfe takwas na daren 12 ga Janairun 1899, saƙon wayar tangaraho ya iso Lynmouth, wani ɗan ƙauye da ke bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Saƙon ya ce ga wani babban jirgin ruwa can daura da Porlock, guguwa tana tura shi zuwa gaɓa. Sunan jirgin Forrest Hall, da mutum 18 a cikinsa. Ya taso daga Bristol za shi Liverpool, wani jirgi yana jan sa, sai igiyar ta tsinke, abin juya akalarsa kuma ya lalace.

Mutanen Lynmouth suna da jirgin ceto mai suna Louisa, mai tsawon ƙafa 34, ba shi da inji, da hannu ake tuƙa shi. Matuƙansa kuma a shirye suke. Abin da suka rasa shi ne hanyar saka shi a ruwa, domin raƙuman ruwa suna dukan bakin tashar ƙauyen da ƙarfin da babu jirgin da zai tunkare su ya tsira. Sai shugaban matuƙan, Jack Crocombe, ya ce a ja jirgin ta tudu zuwa Porlock Weir, inda gaɓar ke da kariya daga iskar. Tafiyar mil 13 ce, cikin duhu da ruwan sama, ta kan tsaunin da ya haura ƙafa dubu. Jirgin da amalankensa kuwa sun kai nauyin tan goma.

Turawan Ingila kan ba da wannan labari don nuna jarumtakar kakanninsu, kuma sun yi gaskiya. Amma akwai wani abu a cikinsa da ba a cika kula da shi ba, wato amalanken da aka ɗora jirgin a kai. Shekaru ɗari biyu ke nan masu aikin ceto a gaɓar Birtaniya suna fama da tambaya guda: yaya za a raba jirgi da ƙasa cikin gaggawa, a kuma mayar da shi tudu yana shirye ya sake fita? Amsar da suka samu a hankali ita ce, ba a ƙera jirgi daban a zo ana nema masa abin ɗauka daga baya. Tare ake auna su.

Ɗan tazarar da ke cin rai

Jan jirgi a kan ƙasa tsohon abu ne. Tun kusan shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Girkawa suka shimfiɗa hanyar dutse mai suna Diolkos a ƙasar Korinti, wadda ta haɗa teku biyu. A watan Afrilun 1453 kuma, Sarki Muhammadu Alfatih ya sa aka ja jirage kusan saba'in a kan gungumen da aka shafe da kitse, aka zagaye sarƙar da Rumawa suka tare mashigin Kustantiniyya da ita. Sai dai waɗannan ayyuka ne na masu mulki, da dubban hannaye da lokacin shiri. Matsalar jirgin ceto dabam ce. Ƙauye guda ne zai yi aikin, ba tare da an sanar da shi tun jiya ba, galibi da dare, kuma a daidai lokacin da teku ta fi muni.

An fara ƙera jirgi musamman don ceto a South Shields, inda Henry Greathead ya kammala wanda ake kira Original a 1790, bayan mutanen garin sun tsaya a gaɓa suna kallon matuƙan wani jirgi suna halaka ba su da yadda za su yi. A ranar 4 ga Maris, 1824, Sir William Hillary ya jagoranci kafa ƙungiyar agajin da daga 1854 aka san ta da RNLI, wadda har gobe da gudummawar jama'a take aiki, kuma akasarin matuƙanta 'yan sa-kai ne.

Da ƙungiyar ta fara baza jirage, sai ta tarar wuraren da jirage suka fi yin haɗari ba su ne wuraren da ke da tasha mai zurfi ba. Da yawa rairayi ne shimfiɗe ko tsakuwa. A irin wannan gaɓa teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma a wasu wuraren ruwan kan ja baya fiye da mil guda. Ke nan ɗakin ajiyar jirgi yana iya kasancewa a bakin ruwa da hantsi, da la'asar kuwa sai an yi tafiya kafin a ga ruwan.

Ko an isa bakin ruwan, da sauran rina a kaba. Wurin da raƙuman ruwa ke fashewa shi ne mafi haɗari ga ƙaramin jirgi. Idan ya shiga da goshinsa yana fuskantar ruwan, kuma da gudu, sai ya hau ya wuce. Idan ya yi jinkiri, ruwan ya bugi gefensa, sai ya juya shi ya watso shi gaɓa, ko ya kife shi da mutanen ciki. Saboda haka aikin amalanke bai tsaya ga ɗaukar kaya ba. Dole ya kai jirgin cikin ruwan da zai iya ɗaga shi, ya riƙe shi a miƙe da matuƙansa zaune, sa'an nan ya sake shi da ƙarfi a daidai lokacin da shugaban matuƙa ya ba da umarni.

Yadda aka ƙera shi

Zuwa tsakiyar ƙarni na 19, RNLI ta tsayar da fasalin amalanke wanda ya daɗe yana aiki. Kowane jirgi yana da wani doguwar katako mai ƙarfi da ya ratsa ƙarƙashinsa daga goshi zuwa baya, tamkar ƙashin bayan mutum, kuma a kansa aka gina sauran jikin. Maƙeran amalanken sun gane cewa nan ne kaɗai wurin da zai iya ɗaukar nauyin jirgin ba tare da ya yi rauni ba. Sai suka yi wa amalanken doguwar kwata a tsakiya, suka jera rola a cikinta, wato ƙananan gungume masu juyawa, ƙashin bayan jirgin ya zauna a kansu. A dama da hagu suka sa katakan tallafi, waɗanda ba sa ɗaukar nauyi, aikinsu kawai su hana jirgin karkata.

Dabara ta biyu ta fi burgewa. Amalanken kashi biyu ne, gaba da baya, kuma ƙusa guda ce ta haɗa su. Jirgin yana zaune ne da goshinsa ta bayan amalanke, wato yana tafiya da baya-baya idan dawakai suna ja. In an iso bakin ruwa sai a juya amalanken, a tura bayansa cikin teku. Akwai igiyoyi da aka ɗaura a ƙarshen jirgin, suka bi ta kan wasu 'yan ƙafafu masu juyawa a bakin amalanken, suka dawo tudu. Da an ba da umarni, mutane ko dawakai sai su ja igiyoyin su nufi tudu, jirgin kuwa ya sulale ya nufi teku. Nauyinsa da kansa ke karkatar da kwatar ta zama gangare.

In ya dawo daga aiki, sai a shimfiɗa masa falankai a kan rairayi a jawo shi, a zare ƙusar nan, a janye kashin gaba, a sauke bakin kwatar ƙasa. Jirgin ya hau ta gaba da goshinsa, ya wuce har goshin ya kai baya. Ta ƙofa ɗaya yake shiga, ta ɗaya yake fita, don haka ba a bukatar juya shi, kuma da ya hau ya zama a shirye. Wanda ya tsara wannan ya san cewa dare guda yana iya kawo haɗari biyu.

Saura matsalar ƙafafu, waɗanda kan nutse a rairayi mai laushi. A ƙarshen ƙarnin ne wani jami'in ƙungiyar, Gartside-Tipping, ya ƙirƙiro wasu faifan ƙarfe da ake jerawa kewaye da ƙafar amalanke. Yayin da ƙafar ke juyawa, kowane faifai yana kwantawa a ƙasa ta taka shi, kamar mai tafiya yana shimfiɗa wa kansa tabarma. Wannan tunani ne ya yi kama da na sarƙar katafila da ta zo daga baya.

Daren Lynmouth

Amfanin amalanke na uku shi ne ya ba jirgi damar sauya wurin shiga ruwa. A Janairun 1881 mutanen Whitby sun ja jirginsu mil shida cikin dusar ƙanƙara mai zurfin ƙafa bakwai zuwa Robin Hood's Bay, da dawakai 18 da mutum kusan 200 masu share hanya, suka ceci matuƙan wani jirgi mai suna Visitor. Amma tafiyar Lynmouth ce ta nuna iyakar abin da amalanke zai iya.

Mutum kusan ɗari ne suka fito, da dawakai kusan ashirin, aka tura wasu gaba da diga da shebur su faɗaɗa hanya. Tun daga bakin ƙauyen aka fara hawan tudun Countisbury, wanda a wasu wuraren kowane taku huɗu da rabi na gaba yana ɗaga mutum taku guda sama. Da aka kai ƙoli, sai ƙafar amalanken guda ta fita. Aka tsaya cikin iska da ruwa aka mayar da ita. A nan akasarin masu taimako suka juya gida, aka bar mutum kusan ashirin.

Gaba kaɗan suka iske wani lungu mai katanga dama da hagu, wanda faɗinsa bai ɗauki amalanken ba. Sai aka sauke jirgin, aka bi da amalanken ta cikin daji, jirgin kuma aka riƙa jan sa a kan falankai, ana ɗauko na baya ana mayarwa gaba, har suka sake haɗuwa. Sa'an nan ga gangaren Porlock, ɗaya daga cikin mafiya tsanani a hanyoyin Ingila, inda aiki ya koma hana tan goma gangarawa a guje. A ƙasan gangaren sai da aka rushe kusurwar wata katanga, aka kuma sare wata bishiya, kafin a wuce.

Ƙarfe shida da rabi na safe suka isa Porlock Weir, kuma nan take suka shiga ruwa. Suka tarar da Forrest Hall bai kai ga duwatsu ba, suka tsaya kusa da shi har jirgin ja ya iso, wasunsu suka hau suka taimaka, aka raka shi zuwa Barry da ke gaɓar Wales. Dukkan mutum 18 sun tsira. Abin lura shi ne, fiye da awa goma aka kwashe a tudu, kuma abubuwan da suka cinye lokacin su ne ƙafar da ta fita da faɗin amalanken da ya fi na hanya.

Dawakai, mata da tarakta

Ƙungiyar ba ta ajiye dawakai nata ba. Na manoma da 'yan kasuwa ake haya, don haka kafin jirgi ya motsa sai an je gona an tayar da mai doki, an ɗaura kaya, an kawo su gaɓa. A ƙauyukan da babu dawakai, ko inda tsakuwa ta hana su aiki, mutane ne ke ja. Tun da mazan ƙauyen su ne matuƙan, sai aikin ya faɗa kan mata. A Newbiggin da Cullercoats da Boulmer, matan masunta ne ke riƙe igiya su shiga ruwan sanyi, don mazajensu su fara tafiya da busassun tufafi. A Dungeness, mata ne ke jan manyan katakai suna jerawa a kan tsakuwa a gaban jirgi, kuma ba su daina ba sai ƙarshen shekarun 1970.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci dawakai masu yawa, bayansa kuma manoma suka fara komawa ga inji. A 1920 aka gwada tarakta mai sarƙar katafila a gaɓar Hunstanton, aka ga tana jan amalanke a kan rairayi fiye da yadda dawakai ke yi. Aibinta guda ne: ba a ƙera ta don shiga teku ba, da ruwa ya taɓa injin sai ya mutu. Shekaru aka yi ana toshe kafofi ana ɗaga bututun shaƙar iska kafin a sami wadda za ta tura amalanke cikin ruwa ta fito. An yi amfani da dawakai a karo na ƙarshe a Wells, a 1936.

Jirgi da amalanke sun zama abu guda

Sa inji a jirgin ceto ya ƙara masa nauyi, ya kuma kawo farfela a ƙarƙashinsa, wadda za ta lalace in ta daki ƙasa. Don haka aka riƙa ɓoye farfelar cikin wani lungu a jikin jirgin. Ka ga ke nan gaɓa da amalanke sun fara faɗa wa mai zanen jirgi yadda zai yi zanensa. Jiragen da ke zaune a tasha mai zurfi sun riga na amalanke samun gudu, sai a 1988 aka kawo samfurin Mersey, mai sauri kuma mai hawa amalanke.

Magajinsa, samfurin Shannon, ya fara aiki a Dungeness a 2014, a gaɓar nan da mata suka yi ta jan katako. Tsawonsa ya ɗan haura mita 13, nauyinsa tan 18, kuma ba shi da farfela a waje: ruwa yake zuƙa ya feso ta baya. Saboda haka yana iya tahowa da gudu ya hau rairayi da gangan. Abin ɗaukarsa, tarakta da amalanke a haɗe masu tafiya kan sarƙa, tare da jirgin aka tsara shi. Yana jawo jirgin ta goshi ya ɗora shi a kan shimfiɗarsa, sa'an nan shimfiɗar ta juya da shi gaba ɗaya har goshin ya koma fuskantar teku. In taraktar ta maƙale teku kuma tana cikowa, ana iya rufe ta ruf a bar ta ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita tara, a dawo a ɗauke ta in ruwan ya janye. Matsalar da ƙusa guda ta warware a ƙarni na 19 ita ce dai wannan shimfiɗa mai juyawa take warwarewa.

Ƙananan jiragen roba da ƙungiyar ta fara amfani da su a 1963 sun bi tasu hanyar. Samfurin Atlantic yana da amalanken da yake fita daga ciki da ƙarfin injinsa. In teku ta yi muni, ana ɗaura raga a jikin amalanken, jirgin ya taho ya faɗa cikinta, tarakta ta janye su tudu kafin wani raƙumin ruwan ya iso.

Abin da ƙaramar tirela ta gada

A Amurka wata hanyar aka bi aka iso wuri guda. Ole Evinrude ya fara ƙera injin da ake rataya wa ƙaramin jirgi a baya a 1909. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami jirage marasa nauyi na alminiyam da na roba mai tauri, motoci suka yawaita, aka gina madatsun ruwa da gangaren siminti a bakinsu. Sai ƙaramar tirela da mota ke ja ta sa wanda ba shi da gida a bakin ruwa ya iya mallakar jirgi ya ajiye shi a ƙofar gidansa.

Ƙa'idojin daidaita irin wannan tirela da jirginta su ne dai na tsohon amalanke. Nauyi ya zauna a kan ƙashin baya da wurare masu ƙarfi, katakan gefe su rungumi jikin jirgin daidai da siffarsa, kuma su kai har ƙarshensa inda inji ke rataye, in ba haka ba jikin ya lanƙwashe a hankali. A matsar da madogarar goshi gaba ko baya har abin da ke danne ƙugiyar mota ya zama kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukkan nauyin, domin in ya yi kaɗan tirela takan yi ta lilo a kan titi. Wajen ɗauko jirgi kada a nutsar da tirela da yawa: in bayan jirgin yana yawo a kan ruwa, katakan ba za su kama shi su miƙar da shi ba, sai ya hau a karkace. A kuma kula da boris, domin in ya yi zafi a hanya aka tsoma shi cikin ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa, giris ya lalace, wata rana ƙafa ta fita kamar yadda ta Louisa ta fita a kan Countisbury.

Wannan tarihi yana da abin da zai ce da mu. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, garin da ba shi da tashar jiragen ruwa. A irin wannan rana, jirgin da zai ceci mutum ta kan titi zai iso, kuma a inda kwalta ta nutse za a saka shi. Don haka duk sa'ad da wata hukuma ta ba da sanarwar sayen jiragen ceto, akwai tambayoyin da ya kamata ɗan jarida ko ɗan majalisa ya yi. A kan me za a ɗora su? An auna tirelar da jikin jirgin, ko dai kowanne daga inda aka samo shi? Wace mota ce za ta ja, kuma wa ke riƙe da makullinta da dare? Mutum nawa suka taɓa gwada sakawa da fitarwa, kuma minti nawa suka ɗauka?

An rufe tashar ceto ta Lynmouth a 1944. A Janairun 1999, da aka cika shekara ɗari, mutanen yankin sun sake jan wani tsohon jirgin ceto a kan amalanke daga Lynmouth zuwa Porlock Weir don tunawa da wancan dare. Su da rana suka yi tasu tafiyar, a kan kwalta.